Ramuwar Wankan Huseina

A Tudun Kanya, wani ɗan ƙauye da ke zaune kan tudu a tsakiyar fadamar kogin Haɗeja, in aka ce wankan jego to an ce 'Yar'azumi. Matan da ta gasa a garin sun fi a ƙirga, kuma babu wadda ta fito daga hannunta tana kukan ciwon baya ko sanyin ƙafa. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, hannunta ya saba da tafasasshen ruwa har takan tsoma yatsa a tukunya tana hira, kai ka ce ruwan randa ne. Ba ta da mugunta ko kaɗan. Sai dai in ta yarda da abu ta yarda ke nan, mijinta Malam Gwadabe da ya shekara talatin da ita ya daɗe da daina ɓata bakinsa.

Zamanin Turawa ne, cikin shekarun nan na ƙarshe da aka fara jin ƙishin-ƙishin za su tattara su tafi. A daminar shekarar kogi ya cika ya tumbatsa, shinkafa ta tsaya cikin ruwa iya gwiwa, hanyar ƙasa ta ɓace, duk mai zuwa birni sai ya shiga kwalekwale. A cikin wannan daminar ce 'yarta Huseina ta zo gida goyon ciki, cikinta na fari.

Huseina ita kaɗai ta rage mata. 'Yan biyu ta haifa, Hassana da Huseina, daga su haihuwa ta tsaya. Hassana aka kai ta aure can gabas mai nisa, ta haihu a hannun dangin miji, kafin arba'in ta kumbura ta rasu. Da labari ya iso, mata suka ce ai ba a gasa ta ba ne, sanyi ya shige ta. 'Yar'azumi ta karɓi ƙaddara, ta yi haƙuri, amma maganar nan ta zauna mata a ƙirji ta ƙi wucewa. Tun daga ranar ta ɗaukar wa kanta alkawari, in Allah ya nuna mata haihuwar Huseina, sanyi ko ƙofar ɗakin ba zai leƙo ba.

Shi ya sa tun cikin yana wata biyar ta sa Haladu, mijin Huseina, a gaba da zancen itace. Ba ta yi masa maganar baki da baki, suruki ne, sai dai ta gaya wa Malam, Malam ya gaya masa. Shi kuwa bawan Allah masunci ne mai kunyar tsiya, in ya zo gaisuwa tun daga bakin zaure yake durƙusawa. Kafin ruwa ya sauka ya tara itacen jego, ƙirya da marke busassu, har tulin ya kere danga. 'Yar'azumi ta sa aka yi wa itacen rumfa, kullum da safe sai ta leƙa ta duba shi kamar mai kiwon rago.

Naƙuda ta zo ranar wata Talata, ta kwana biyu ba ta sauka ba. Ungozoma ta yi iya yinta, Malam ya yi rubutu an sha, shiru. Ranar Alhamis da hantsi Malam Gwadabe ya ce a ɗauke ta, Haladu ya tuƙa su zuwa asibiti a Haɗeja. Likita, wani Bature mai sanƙo, ya duba ya ce yaron a gicciye yake, sai an yi aiki. 'Yar'azumi ba ta taɓa jin an tsaga cikin mace an ciro ɗa, macen ta kuma tashi ta taka ƙasa ba. Ta zauna gindin darbejiya da carbinta, bakinta yana motsi, ba ta ma san abin da take ja ba. Kafin la'asar aka fito aka ce mata namiji ne, uwa da ɗa lafiya. Nan take ta kifa goshinta a kan yashi, ta daɗe ba ta ɗago ba, da ta ɗago kuwa har da yashi a bakinta.

Kwana goma sha biyu suka yi. Suna ma a gida aka raɗa shi babu mai jego, aka aiko musu da soyayyen nama da labarin yaro ya ci suna Abdulwahid. Ranar sallama, ma'aikaciyar da ke kula da ɗakin mata, wata doguwar Babarbariya mai suna Fanna, ta cire zaren ɗinki, sannan ta ja 'Yar'azumi gefe.

"Inna, na ji an ce ke ce gwanar wankan jego a garinku."

"Haka suke faɗa," in ji 'Yar'azumi tana gyara mayafi, daɗi ya kama ta.

"To wannan karon ki huta. Ruwa mai ɗumi kawai, irin wanda za ki yi wa jariri wanka da shi. Kada a buga mata ganye, kada a hura mata wuta ƙarƙashin gado. Kanwa kuwa ko lasa kada ta yi, gishiri ma a rage. Likita ya ce zuciyarta ta wahala, ga ƙafarta da ɗan kumburi. Kin ji ko, Inna?"

"To, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka."

Ta ji ɗin kuwa, kunnenta lafiya lau. Kuma kada a zalunce ta, ranar da gaske take.

Suka dawo gida, gida ya cika da barka. Huseina tana takawa a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, amma tana dariya, nono ya zo, yaro yana tsotsa kamar an biyo shi. 'Yar'azumi takan ɗauke shi ta kafa masa ido.

"Kai kuma maigida, wane irin mutum ne kai? Kowa ta ƙofa yake shigowa duniya, kai sai da aka fasa maka katanga. To ni ban son miji mai taurin kai, tun wuri ka sani."

Huseina ta riƙe ciki. "Inna, ki daina sa ni dariya, ɗinkin nan yana ja."

Kwana uku 'Yar'azumi ta yi tana bin maganar Fanna. Ta ɗumama ruwa, ta sirka, ta kai bayan ɗaki, ta dawo tana jin kamar ta yi sallah babu alwala. Tulin itace yana kallonta, ita ma tana kallonsa. Ga damina, ƙasa a jiƙe, bango a jiƙe, tabarma ma in ka taɓa sai ka ji danshi.

Rana ta huɗu Barira maƙwabciyarsu ta shigo da ƙwaryar fura. Ta leƙa madafa, ta leƙa bayan ɗaki, ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Ni kam na ce ko hancina ne ya toshe, ban ji ƙamshin ganye daga gidan nan ba. Yaya, 'ya'yan mutane kin gasa su sarai, taki ta cikinki za ki bari ɗanya? Mace da aka buɗe cikinta iska ta shiga, ai ita ta fi kowa buƙatar wuta."

"Asibiti suka hana," in ji 'Yar'azumi.

"Su a asibitin sun san sanyin fadama?"

Barira ba ta ambaci Hassana ba, ba ta kai rashin hankali nan ba. Amma tana fita Huseina ta yi atishawa sau biyu ta ja zane ta rufe ƙafa, 'Yar'azumi kuwa tana gani. Ta zauna bakin murhu ta yi ta saƙa da warwara, daga ƙarshe ta samo dabarar da a ganinta ba ta saɓa wa kowa ba. Abin da 'yan asibiti ke tsoro ai ɗinkinsu ne. To sai ta kifa ƙoƙo a kan ɗinkin ta ɗaure da tsumma, ruwan zafi ba zai taɓa shi ba. Sauran jikin kuwa nata ne, ita ta haifi abinta.

Bayan wannan kuma ga ramuwa. Mai jego safe da yamma take wanka tun daga ranar haihuwa, Huseina kuwa yau kwana goma sha biyar ba ta yi ko ɗaya na kirki ba. A wurin 'Yar'azumi, abin da aka sha, ramawa ake yi, kamar azumi. Saboda haka ta mayar da wankan sau uku a rana, ta ƙara na tsakar rana. Kunun kanwa ma ta ninka, jar kanwa mai kyau da ta ajiye tun rani, ta dama shi da kauri har ludayi yana tsayawa.

"Inna, ba sun ce kada a yi ba?" Huseina ta tambaya ranar farko, tana kallon tururi yana tashi daga tukunya.

"Sun ce kada a taɓa musu ɗinki, ga shi na rufe. Juyo bayanki."

Huseina ta juya. Yarinya ce da ba ta taɓa musu da uwarta ba, kuma ta san sunan da ke ƙirjin uwar ko da ba a faɗa. Ganyen runhu da na tsamiya suka shiga tafasasshen ruwa suka fito suka sauka a bayanta, ta cije leɓe. Da aka gama ta hau gadon ƙasa, garwashi yana ci a ƙarƙashi, ta shanye ƙwaryar kunu, gumi yana tsiyaya. 'Yar'azumi ta ji hankalinta ya kwanta a karon farko tun dawowarsu. Ranar har waƙa ta yi tana tankaɗe.

Malam Gwadabe ya ga hayaƙi sau uku a rana ya ce, "Ni dai na ji kamar yarinyar asibitin nan ta yi wata magana."

"Malam, na taɓa shiga maka harkar shinkafa?"

Ya ɗauki fartanyarsa ya nufi gona.

Kwana biyar da fara ramuwa ƙafafun Huseina suka ƙara kumbura. 'Yar'azumi ta danna da babban yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta gyaɗa kai, ta ce ga shi nan, sanyin da ya shige ta a asibiti ne ya fara fitowa. Maganin sanyi kuwa wuta, don haka ta ƙara itace ƙarƙashin gado, ta ƙara kanwa a kunu. Kumburi ya hau gwiwa, ta ƙara. Ya hau cinya, ta ƙara. Tana yi tana bismilla, tana roƙon Allah ya sa hannunta ya zama magani.

Ranar kwana na tara, da hantsi, ta sauke tukunya ta shiga ɗaki kiran Huseina. Ta same ta zaune a bakin gado ta dafa gwiwa da hannu biyu, kafaɗunta suna hawa suna sauka. Fuskarta ta cika har idanu sun shige, awarwaron hannunta ya nutse cikin nama. Yaro yana ta kuka a gefe ba ta iya ɗaukarsa ba.

"Inna," ta ce, tana yanka maganar gunduwa-gunduwa, "in na kwanta, ruwa nake ji, a ƙirjina. Numfashin, ba ya isa."

Sai ta yi tari, wani farin kumfa ya fito a gefen bakinta.

'Yar'azumi ta tsaya riƙe da damin ganye yana ɗiga a ƙasa. Ta ga masu jego iri-iri, ba ta taɓa ganin wannan ba. Amma ta taɓa jin labarinsa, haka aka ba ta labarin kwanakin Hassana na ƙarshe. Ganyen ya suɓuce daga hannunta. Ta fita tsakar gida ta kira Malam da wata murya da shi kansa bai san tana da ita ba.

Malam Gwadabe ya leƙa sau ɗaya, bai tambayi kowa shawara ba. Ya aika bakin ruwa aka kira Haladu, aka cicciɓi Huseina a tabarma aka sa a kwalekwale. Ba ta iya kwanciya, sai uwar ta zauna a bayanta ta jingina ta da ƙirjinta, jariri kuma yana hannun Malam, wanda rabonsa da riƙe jariri shekara ashirin.

Rana ce mai kyau, abin haushi. Sama ta washe, ruwa ya kwanta lumui a kan gonaki, bado ya yi fure fari fat, balbelu suna bin gefen shinkafa. Masunta suna ɗaga hannu suna gaisuwa, in sun hango abin da ke cikin jirgin sai su sauke hannun su ce Allah ya sawwaƙe. Haladu yana tsaye a baya yana tunkuɗa jirgin da doguwar sandarsa, gumi ya jiƙe masa riga. Mutumin da ba ya iya haɗa ido da surukarsa, ranar ƙafarsa tana gogar bayanta bai ma sani ba.

'Yar'azumi tana jin bugun zuciyar 'yarta a jikinta, da sauri da sauri kamar na tsuntsun da aka kama a hannu. Ta nemi addu'o'in da ta sani, duk suka gudu, sai guda ɗaya ta rage.

"Ya Allah, kai ka ba ni su biyu, ka karɓi ɗaya ban ce komai ba. Wannan ma taka ce. Amma ina roƙonka, kada ka karɓe ta ta hannuna."

Ta yi ta maimaitawa har ganuwar Haɗeja ta bayyana, ana kiran azahar.

Fanna ce ta tare su. Ta dubi ƙafafun, ta dubi bayan da ganye ya yi wa tabo, ta ɗaga zane ta ga ƙoƙo a kife a kan ɗinki an ɗaure shi tsaf. Ta ɗan tsaya a kan ƙoƙon nan, sannan ta ruga kiran likita. Aka jingina Huseina da matasai, aka yi mata allura, aka ba ta wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi. Likita ya yi magana da Turanci, Fanna ta juya ta gaya wa Malam cewa ruwa ne ya taru a jikinta ya fi ƙarfin zuciya, in ruwan ya fita zuwa gobe to akwai sa rai.

'Yar'azumi ta koma gindin darbejiyar nan tata. Bayan la'asar Fanna ta fito ta same ta, ta miƙa mata ƙoƙon. Tsohuwa ta karɓa ba ta ɗago kai ba.

"Zage ni, 'yar nan. Kin gaya mini, na ce to."

Fanna ta tsuguna a gabanta. "In zage ki in ce me, Inna? Ɗinkin nan ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba, ya warke sarai. Wanda ya yi wannan dabara ba mugunta ya nufa ba. Ni ma uwata haka ta gasa yayyena, da yawa sun tashi lafiya. Amma kanwa ruwa take riƙewa a jiki, wuta kuma tana sa zuciya gudu. Mai ƙarfi takan ɗauka, wadda ta wahala ba ta iyawa. Kumburin da kika gani ba sanyi ba ne, jikin ne yake cewa ya isa."

"Ni kuwa ina ƙarawa."

"Kina ƙarawa. Amma kuma ke kika kawo ta da rana tsaka, ba ki tsaya jiran gobe ba."

'Yar'azumi ta juya ƙoƙon a hannunta. Can ta ce, "Ina da wata, 'yar'uwar tagwaicinta. Ta kumbura bayan haihuwa ta rasu. Aka ce mini rashin gashi ne."

Fanna ta ce, "Ban gan ta ba, Inna, ba zan yi miki ƙarya ba. Allah ne ya san abin da ya ɗauke ta. Allah ya jiƙanta."

"Amin," in ji tsohuwar. Shekara huɗu tana riƙe da dalili guda, yau an zare mata shi, kuma ga mamakinta sai ta ji ƙirjinta ya ɗan yi sauƙi.

Kafin magariba ruwa ya fara fita. Wanda bai yi jinya ba ba zai gane ba, amma 'Yar'azumi, mace mai kunya da kamun kai, ta tsinci kanta tsaye a bayan labule tana sauraron ƙarar fitsari a cikin kwanon asibiti tana cewa alhamdu lillahi. Kwano ya cika aka zubar, ya kuma cika. Kowane kwano sai ta yi hamdala, har wata mai jinya a gadon kusa ta ce, "Baiwar Allah, wannan godiya haka, ko zinariya take fitarwa?"

"Ta fi zinariya," in ji 'Yar'azumi.

Washegari da safe Huseina ta kwanta a kan matashi biyu ta yi barci. Kwana uku awarwaro ya fara yawo a hannunta. Kwana biyar ta ce tana marmarin ɗanwake, aka ce babu, da kanwa ake yin sa, ta yi tsaki, ɗakin duka aka sa dariya. Yaro Abdulwahid kuwa bai san an yi ba, ya koma kan nononsa. Kwana tara aka sallame su, da ƙwayoyi a ƙunshe cikin takarda da gargaɗi. Wannan karon Fanna ba ta ce "kin ji ko" ba, 'Yar'azumi ce da kanta ta maimaita mata dokokin ɗaya bayan ɗaya.

Suka dawo Tudun Kanya ruwa ya fara ja baya, shinkafa ta fara fitar da kai. Gida ya sake cika da 'yan sannu. Barira ta zo ta durƙusa tana neman gafara, 'Yar'azumi ta ce ta tashi, ai ba ita ta hura wutar ba. Miya babu gishiri sosai, Malam yana ci yana yamutsa fuska yana cewa daɗi. Kowa yana cikin farin ciki, ita ma 'Yar'azumi haka, ba ta wuce ƙofar ɗakin 'yarta ba tare da ta yi hamdala ba.

Abu ɗaya ne ya canza. Ta daina taɓa Huseina. Takan dafa abinci ta ajiye a bakin ƙofa, ta wanke zannuwa, ta goya jika ta yi ta zagaya gida tana yi masa tsiya. Amma ruwan wanka sai dai Barira ta ɗumama ta kai. In Huseina ta ce bayanta yana ƙaiƙayi, sai uwar ta tuna da wani aiki a madafa. Tsoron hannunta take ji, hannun da ta yi shekaru tana alfahari da shi. Huseina ta lura, tana dai kallonta.

Ana jibi arba'in 'Yar'azumi ta tsaya gaban tulin itacen nan. An ci kusan rabi, rabi yana nan.

"Malam, itacen nan ba zan iya dafa tuwon gida da shi ba, kuma ba zan ba wata mai jego ba. So nake a dafa sadaka da shi, kaf, kada a bar ko tsinke."

"Wannan shawara ce," in ji Malam Gwadabe. "Shekara talatin, yau dai kin kawo wadda ba sai na yi shiru ba."

Ranar arba'in tun da safe tukwane suka hau. Malam ya buɗe rumbu ya fito da tsohuwar shinkafa, Haladu ya kawo tarwaɗa da karfasa cike da kwando. Tukunyar wankan nan babba, wadda ta gasa rabin matan garin, aka wanke ta tas aka dafa shinkafa a ciki. Liman ya zo da dattawa aka yi addu'a a zaure, aka yi wa Hassana ma. Duk wanda ya ratsa ta ƙofar gidan sai an tsayar da shi ya ci, har Fulanin da ke wucewa da shanu. Aka cika akushi guda aka ba wani mai jirgi ya kai wa Fanna a birni.

Da la'asar mutane suka watse. Dangin Haladu za su zo washegari su tafi da mai jego ɗakinta. 'Yar'azumi tana kwashe toka, Huseina ta fito ta tsaya a kanta, ta rame amma idonta ya washe.

"Inna, wankan arba'in fa?"

"Yanzu zan kira Barira."

"Barira ce ta haife ni?"

'Yar'azumi ta ci gaba da kwasar toka. "Ke dai bari. Hannun nan nawa ya kusa kai ki kabari."

"Hannun nan ne ya riƙe ni tun daga nan har Haɗeja. Ina jin abin da kike faɗa a cikin jirgi, Inna, duk na ji. Allah kuwa ya amsa miki. In ya amsa, ke kuma mene ne naki na ƙin karɓa?" Ta gyara tsayuwa. "Ni dai ba inda za ni gobe sai kin yi mini wanka. Su zo su same ni da dauɗata."

Yarinyar da ba ta taɓa musu ba, yau ga ta ta kafe, kuma ba sai an tambayi inda ta gado taurin kan ba.

A murhu saura guntun ƙirya ɗaya yana ci, shi ne ƙarshen itacen Haladu. 'Yar'azumi ta ɗora 'yar ƙaramar tukunya a kai. Ruwan bai kai ga yin ƙara ba ta sauke, ta juye a ƙwarya, ta sirka. Ta kai yatsa za ta gwada, sai ta tuna yatsun nan sun daɗe da daina gane zafi. Ta naɗe hannun riga ta tsoma gwiwar hannu, yadda ake yi wa jariri. Ta ƙara ruwan sanyi kaɗan, ta sake tsomawa.

A bayan ɗaki Huseina ta zauna a kan turmi ta kwance zane. Tabon aikin yana nan daga cibiya zuwa ƙasa, ya warke ya yi duhu. Uwar ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta yi bismilla, ta ɗebi ruwa da tafin hannu, babu ganye, ta zuba a kafaɗar 'yarta. Ta ƙara na biyu.

"Ya yi zafi?"

"Inna, wannan ai ko Abdulwahid sai ya raina shi."

"To haka za ki yi haƙuri da shi," in ji 'Yar'azumi, hawaye yana bin kumatunta tana dariya. Ta sake ɗebo ruwa ta ce, "Juyo bayanki."